Alewa ba cin hanci ba ce, Malam

To, Malam mai cewa "rashin bulala ne", matso kusa, da kai nake. Hajiya, ke ma da kika riga kika yanke hukunci cewa iskokai ne, gyara zama.

Yaro mai larurar otizim yana jin ƙishirwa, baki bai buɗe ba, sai ya zube ƙasa yana ihu yana buga kai. Ku ce sangarta ce. Masu horar da ɗabi'a kuwa abu biyu suke dubawa: me ya faru kafin ihun, me yaron ya samu bayansa? In ihu ne ke kawo kofi, gobe ma ihun za ku sha. Sai a ɗauko kati mai hoton kofi, a kama hannunsa ya miƙa, nan take ruwa ya zo. A yi ta maimaitawa ana sassauta riƙon, har ranar da zai miƙa da kansa. Wannan dabara ta kati, PECS, a jihar Delaware ta Amurka aka fara ta a 1985.

Na ji ka: "Wato kome ya yi sai an ba shi alewa? Ai cin hanci ne!" Allah sarki. Kai da in albashi ya makara ko gaisuwar kirki ba a samu a bakinka? Alewar ma a hankali ake janye ta, yabo ya maye gurbinta.

Duka kuwa, Turawa sun riga ka gwadawa. Ivar Lovaas na Jami'ar Kalifoniya ya yi amfani da mari da tsawa a farkon aikinsa, har da jan lantarki, kuma har gobe ana sukarsa a kai. A bincikensa na 1987, yara 19 aka yi wa horon sa'o'i 40 a mako, 9 suka iya zama a aji tare da sauran yara. Kada ka yi saurin tafi. Horon yana koyar da roƙo, sa riga, zuwa banɗaki, amma ba ya cire otizim. Wasu manya masu larurar ma suna ƙorafin an tilasta musu kallon mutane ido cikin ido. A nan kam ina bayanka, Malam: a gidan Bahaushe, yaron da ya tsare babba da ido ai shi ake kira marar kunya.

Hajiya, hayaƙin nan ya isa haka, yaron har tari yake. Addu'a ba ta hana zuwa asibiti. A kai shi likitan yara, a fara da gwada jinsa.