Baƙuwar da Ba Ta Cin Tuwo

A unguwar Bulabulin wani maƙwabcinmu ya ajiye tarwaɗa cikin akwatin gilashi a falo. Don ado, in ji shi. A garin da ake loda bandar kifi kwali-kwali a kasuwar Baga Road, shi nasa kifin na kallo ne.

Da aka kawo ta ba ta wuce ɗan yatsa ba. Yanzu ta kai kamu guda. Ga gashin baki sili takwas, har ta fi maigidan kwarjini.

Da fari an haɗa ta da 'yan karfasa, kada kaɗaici ya dame ta. Bai dame ta ba. Kowace safiya sai a ƙirga a ga babu ɗaya, ita kuwa tana kwance a ƙasa, ko a jikinta. Da dare take farauta, kuma in ta samu ƙanwarta ma ba ta duba zumunci.

Yanzu tana da nata cefanen: hanjin kaza daga Monday Market, tana, da fara. Yara sun kai ƙara, wai farar da ake soya musu da yaji ta koma falo ɗanya. In an ɗauke wuta injin iskar akwatin ya tsaya, kowa na fifita, Hajiya tarwaɗa sai ta leƙo sama ta shaƙi iskarta ta koma.

Uwargida ta kawo shawarar farfesu. Maigida ya ce haba, ai ta san muryarsa. Jiya an ji shi yana tayin akwatin da ya fi wannan girma. Kyanwar gidan dai ta daina shiga falo.