Ire-iren Masu Zaɓa wa Durƙusasshiyar Mota Taya a Tiendpalogo

Durƙusar da mota shi ne rage tazarar da ke tsakanin cikinta da ƙasa. Ana yin haka ta hanyar sauya sifirin da gajere, wanda galibi yakan sauke mota da milimita 30 zuwa 40, ko kuma a kai sifirin na asali wurin mai walda ya datse shi. Ko ta wace hanya aka bi, sararin da ke tsakanin taya da madigadi yakan ragu, daga nan kuma zaɓen rim da taya ya tashi daga sha'awa ya koma lissafi.

Tiendpalogo da maƙwabciyarta Zangouettin tsofaffin unguwannin fatake ne a tsakiyar Wagadugu, kusa da titin Kwame Nkrumah da filin jirgin sama. A 2003 shirin sake gina tsakiyar gari mai suna ZACA ya rushe mafi yawan gidajen wurin, aka mayar da mutane da dama wajen Ouaga 2000. Saboda haka motar ɗan waɗannan unguwanni tana da gida biyu: kwaltar tsakiyar gari inda ake harka, da layukan jar ƙasa inda ake kwana, masu ramuka da rani, masu taɓo da damina. Yawancin motocin kuwa na hannu ne daga Turai, irin waɗanda ake kira France au revoir, da ake saukewa a tashoshin ruwa kamar ta Lome. A garin da babur ya fi komai yawa, wanda Allah ya ba ƙafa huɗu yana so a gan shi.

Lissafin ba shi da tsawo. Tayar da aka rubuta wa 195/65 R15, irin ta Golf 4 da wasu ƙananan Marsandi, faɗinta milimita 195 ne, tsayin gefenta kashi 65 cikin 100 na faɗin, rim ɗinta inci 15. Tsayin ƙafar gaba ɗaya ya kai wajen milimita 634. Ƙa'ida ita ce duk abin da aka ƙara wa rim a rage shi daga gefen taya, don kada tsayin ƙafa ya sauya fiye da kashi 2 ko 3 cikin 100. Shi ya sa 205/55 R16 da 225/45 R17 da 225/40 R18 duk suke zama a gurbinta. Sauran ma'aunai su ne zaman rim, wanda ake rubutawa da ET, da tsarin ramukan noti, da nauyin da taya za ta ɗauka. Ana rarrabe masu motoci ne bisa ma'aunin da kowannensu ya yi watsi da shi.

Na farko shi ne Mai Inci. Lamba ɗaya ya sani a duniya, ita ce ta rim, kuma kullum ta maƙwabcinsa yake ƙara wa ɗaya. Idan ya shiga shagon mai taya, ana gama gaisuwa sai ya ce, “Malam, sha takwas nake so.” Ba ya tambayar gefen taya, don bai san gefen taya ne katifar mota ba. A 195/65 gefen ya kai milimita 127, a 225/40 kuwa 90 ne kawai, kuma wannan bambancin shi ke tsakanin shiga rami a fita lafiya da shiga rami a fito da lanƙwasasshen rim. Mai Inci ya kasu biyu. Akwai wanda ya karɓi siririyar taya, ya zama ɗan gida a wurin mai faci, har yaran shago sun san ƙarar motarsa. Akwai kuma wanda ya ji tsoron siririyar, ya ɗora 225/50 a kan inci 18. Tsayin ƙafarsa ya koma wajen milimita 682, maleji yana nuna 100 alhali motar ta wuce 107, sannan ta ɗaga sama da milimita 24. Wato ya biya kuɗi an sauke ta da 30, ya sake biya an mayar masa da 24.

Na biyu Mai Faɗi ne, wanda burinsa ƙafafu su leƙo waje kamar kwaɗo ya yi zaman jiran ruwa. Shi ET ne abokin gabarsa. Idan lambar ta ragu, rim yakan fito waje, idan ta ƙaru yakan shige ciki wajen shokozoba. Wanda ya bar rim mai faɗin inci 6.5 da ET45 ya koma mai inci 8 da ET30 ya turo bakin rim waje da wajen milimita 34. A motar da ba a taɓa ba, wataƙila a sha. A wadda aka durƙusar, duk kwanar da aka sha sai bakin madigadi ya yanki taya. Ana gane Mai Faɗi tun daga nesa ta tuƙinsa: ba ya murɗa sitiyari har ƙarshe, juyawa ɗaya sai ya yi gaba da baya sau biyar, masu babura sun yi cirko-cirko suna ta ham. Maganinsa kullum guduma ce. A buga madigadi, a cire robar da ke ciki, a sake bugawa, har fenti ya tsattsage. Idan aka tambaye shi ƙarar da ake ji, sai ya ce sabuwar taya ce ba ta gama zama ba. Boris ɗin ƙafa, wanda nauyi ya koma masa gefe guda, shi ne yake biyan bashin a ƙarshe.

Na uku shi ne Zai Shiga, wanda ya sami rim a araha kafin ya san ko na motarsa ne. Ramukan noti suna da tsari: Marsandi 5x112, Golf 4 5x100, Camry 5x114.3, Fijo 206 kuwa 4x108. Tsakanin 112 da 114.3 ido ba ya ganin bambanci, noti kuwa yana gani, don yakan shiga a karkace ya riƙa sassautawa a hankali. Haka ramin tsakiya: na Marsandi milimita 66.6 ne, na Golf 5 kuwa 57.1, don haka rim ɗin Marsandi yakan hau Golf 5 amma sai da zoben cike giɓi, in ba haka ba sitiyari ya kama rawa da an taka mota. Zai Shiga ba ya jayayya da waɗannan lambobi, yakan dai saurara cikin ladabi, sannan ya aiki yaro ya kira mai injin huda ƙarfe.

Mai Zarto ba ya buƙatar dogon bayani. Ya datse sifirin da ido, gaba ya fi baya sauka, hagu ya fi dama, saboda haka babu girman tayar da zai dace da kusurwoyi huɗun a lokaci ɗaya.

Na biyar, kuma mafi yawa, shi ne Mai Gwanjo. Kuɗinsa sun ƙare a rim, sai ya gangara inda ake jibge tayoyin hannu. Yakan danna taya da babban yatsa, ya leƙa zanenta, ya ce ai sabuwa ce fil. Sau da yawa abin da ya burge shi tayar hunturu ce, mai hoton dutse da ƙanƙara a gefe, wadda aka yi robarta da laushi don sanyin Jamus, ga shi za ta hau kwaltar Wagadugu a watan Afrilu, lokacin da zafi yake wuce digiri 40. A gefen kowace taya, bayan haruffan DOT, akwai lambobi huɗu da ke faɗin mako da shekarar da aka yi ta, misali 2314 yana nufin mako na 23 na 2014. Kamfanonin taya da dama suna cewa kada a wuce shekara 10 da ita ko da zanenta bai cinye ba. Mai Gwanjo bai taɓa duba wurin ba, kuma motarsa takan tashi da ƙafa huɗu daga kamfani huɗu, safaya kuma ta asali ce, wadda notin sabon rim ba lalle ya kama ta ba.

Akwai kuma Ɗan Waya, matashin da ya ga bidiyon motocin Japan, yana so a miƙe ƙaramar taya a kan faffaɗan rim. Dabarar tana rage gugar madigadi, amma tana barin bakin rim tsirara ga kowane dutse, kuma iska na raguwa taya ta iya zamewa. Shi ne ake gani yana haye tudun rage gudu a karkace, ƙafa ɗaya bayan ɗaya, abokinsa ya sauka yana leƙen kaskon baƙin mai yana cewa, “Taho, taho, tsaya!”

Wani rukunin bai durƙusar da motarsa da gangan ba. Wannan shi ne Alhajin da ake ɗaura aure da motarsa, ake kai amarya da ita, ake ɗauko buhunan masara da ita. Ya gwada sabbin ƙafafu shi kaɗai a ciki, komai lafiya. Ranar biki Hajiya da ƙawayenta uku suka shiga baya, ga kulolin abinci a but, sai taya ta fara kuka. Lambar da ta shafe shi tana bayan girman taya: 91V na nufin kowace ƙafa tana ɗaukar kilo 615. Siririyar tayar gwanjo mai lamba ƙasa da wadda kamfani ya rubuta a jikin ƙofa ba ta aikin zumunci ba ce. Direbobin korayen tasi sun san wannan tun tuni, shi ya sa ba a cika ganin inci 18 a jikin tasi ba.

Malamin Lissafi ya san duk abin da aka zayyana a sama, har da ƙari. Yana zaune a bencin mai shayi kusa da gareji, yana faɗa wa kowa ET ɗin motarsa tun kafin ta tsaya. Babur gare shi.

Na ƙarshe shi ne Tubabbe, wanda ya bi ta hannun rukunai biyu ko uku, ya sayar da manyan ƙafafun ga wani sabon Mai Inci. Kafin ya biya kuɗi yakan sa a ɗaura ƙafa ɗaya, a sauke jak, a murɗa sitiyari hagu da dama har ƙarshe, a zaunar da yaran gareji uku a baya, sannan ya zura yatsu tsakanin taya da madigadi. Ga motar da ta zo da 195/65 R15, aka sauke ta da milimita 30, kuma take kwana a layin jar ƙasa, 205/55 R16 a kan rim mai ET kusa da na asali ita ce iyaka. Inci 17 na wanda gidansa da shagonsa duka suke bakin kwalta ne.