Ranki Ya Daɗe, Gimbiyar Hayaƙi

Gaishe ki wiwi, malamar da ba ta neman allo, mai koyar da kiɗa da zuƙa uku! Mu mutanen ƙasar Daura wajibi ne mu gode miki. A da, sai yaro ya shekara gindin rediyo kafin ya rarrabe amon kalangu da na kotso. Yanzu kuwa naɗi ɗaya a bayan kango ya isa ya mai da shi gwanin kiɗan jitar Turawa da ake kira rok, har irin mai karo da juna ɗin nan, wanda ba amshi ba waƙa. Sai ka ga ya lumshe ido yana cewa, "Baba, ba za ka gane ba sai ka yi caji."

Gaskiyarsa, wa zai gane? Sinadarinki na THC yana miƙe lokaci, minti uku ya koma rabin awa, yana kuma danne riƙon abin da kunne ya ji yanzun nan. Ai wannan baiwa ce. Waƙa ɗaya ta ishe shi shekara, tunda kafin ta kai ƙarshe ya manta farkonta. Ga ki da adalci: a kunnen ɗalibinki, jitar Bombino ɗan Agadas da ƙarar injin markaɗe duk daɗinsu ɗaya.

Dubi irin wahalar da kika ɗauke mana. Mamman Shata yana kwance a nan Daura tun 1999, a garin ubangidansa Sarki Muhammadu Bashar. Mai sauraronsa aiki yake yi: sai ya riƙe zaren zance, ya bi habaici, ya gano wa ake yi wa zambo, ya jira inda 'yan amshi za su karɓa. Haka tambura da algaita a Sallar Gani, kowane take da mai shi, sai mai hankali a jiki ke ganewa. Kin hutar da samarinmu duk wannan. Gyaɗa kai kawai ya wadatar.

Ko a Ingila an ga ladan shaye-shaye. Syd Barrett ne ƙashin bayan faifan ƙungiyar Pink Floyd na farko a 1967. Shekara ɗaya bayan nan, ƙwayoyi da taɓin hankali suka raba shi da ƙungiyar. Daga baya ya bar kiɗa gaba ɗaya, ya koma gidan mahaifiyarsa a Kambirij, ya rasu a 2006. Hutu tun da ƙuruciya, wa zai ƙi?

Masu cewa ba ki da jama'a su duba binciken da Majalisar Ɗinkin Duniya da gwamnatin Nijeriya suka yi a 2018: mutum miliyan 10.6 ke zuƙar ki a ƙasar nan. Wane mawaƙi ya taɓa tara irin wannan taro? Tun daga dazuzzukan Edo da Ondo ake ɗauko ki cikin buhuna, ki ratsa Zango da Sandamu, ki leƙa Baure da Mai'aduwa, ki dangana da iyakar Kwangwalam. 'Yan hukumar NDLEA da ke tare ki a hanya tun 1989, ai rashin kunnen kiɗa ne ke damun su.

Babbar kyautarki kuwa tana wurin wanda ya fara ki da ƙuruciya, ya dage. Wani a cikinsu yakan kai matsayin da ba ya buƙatar waya ko lasifika: muryoyi yake ji shi kaɗai, yana ba su amsa a tsakiyar kasuwa. Ranar sauka, iyaye su sayar da akuya da hatsin bana, su yi shatar mota zuwa asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna ko Dawanau a Kano, uwa tana baya tana riƙe da hannunsa kada ya buɗe ƙofa.

Madalla da ke, gimbiya. Kin karɓi kuɗinsa, kin karɓi karatunsa, kin karɓi hankalin da ake sauraro da shi, kuma har gobe yana rantsuwa ke kika buɗe masa kunne. Allah ya saka miki daidai da aikinki, ya raba 'ya'yanmu da ke.