Ai Ba Gulma Ba Ce, Addu'a Muke Nema

Na san tun daga kan maganar wasunku sun fara hura hanci. "Gulma a majami'armu? Sai dai a ta maƙwabta." To madalla. Su ma maƙwabtan haka suke faɗa a kanku, kuma labarinku yana bakinsu tsaf.

Wajen haɗin kai na takarda kam, babu mai ja da mu. Tun 1955 aka kafa tarayyar da muke kira TEKAN yau, ƙungiyar Kiristoci ta CAN ta biyo baya a 1976, ga babban taro, ga anko, ga tuta. Amma shiga majami'a guda ran Lahadi ka lura da benci biyu da suka shekara ba su gaisa ba. Ka tambayi dalili, sai ka ji "an ce ta ce".

Mama ta Zumuntar Mata, na ga kin gyara ɗaurin kallabi za ki ce ke ba ki gulma, neman addu'a kike yi. Na yarda. Sai dai addu'ar taki tana da tsawon gabatarwa. "Mu sa 'yar gidan wane a addu'a", daga nan sai sunan saurayin, da lambar babur ɗinsa, da ƙarfe nawa ya sauke ta. Kafin a ce amin, rabin unguwa ya ji. Allah da ya san komai ne yake bukatar lambar babur?

Baba dattijon ikilisiya, kada ka yi dariya, kai ma ga naka. Abin da aka tattauna a zaman dattawa da rufaffiyar ƙofa, yaya aka yi ya riga ka isa gida? Maza dai sun ce tasu "shawara" ce. 'Yan kwaya kuwa, a WhatsApp suke rera tasu, murya huɗu cif.

Yanzu masu Littafi a hammata za su ce sun kama ni. Ai Bulus ma da jin labari ya san Korintiyawa sun rabu, wasu na Bulus, wasu na Afolos, wasu na Kefas. Gaskiya ne. Amma ku sake buɗe sura ta 1 ta wasiƙarsa ta farko zuwa gare su. Ya faɗi inda ya ji, wato daga mutanen gidan Kuluwi, ya kuma rubuta wa masu laifin kai tsaye, da sunansa a kan takardar. Ku fa, in aka ce wa ya gaya muku, sai ku ce "kada a ji daga bakina". Haka a Filibiyawa 4, da Afodiya da Sintiki suka saɓa, su biyun ya roƙa su shirya, ya nemi wani ya taimaka musu. Har yau ba mu san abin da ya haɗa su ba, domin bai ga amfanin faɗa ba. Da a hannunmu labarin ya faɗo, da mun san har wadda ta fara harara.

Hanyar kuwa tana nan a Matiyu 18: ka je wurin ɗan'uwanka ku biyu kaɗai, in ya ƙi ji, ka ɗauki mutum ɗaya ko biyu, sai a ƙarshe a kai wa ikilisiya. Mu daga ƙarshe muke farawa, shi mai laifin ne ma na ƙarshen ji. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: zuwa ƙofar mutum yana bukatar ƙarfin hali, kuma mai yiwuwa ka tarar kai ne ba ka fahimta ba. Gulma kuwa kyauta ce, har da daɗin ji kamar kai ne waliyyin layin.

Wasa a gefe, akwai yarinyar da aka sa a horo, ta gama, aka maido ta cin Jibin Ubangiji, amma bakin mutane bai sake ta ba. Wata rana sai a nemi wurin zamanta a rasa, a ce ta ja da baya. Ture ta aka yi.

To mai musu, ga ɗan gwaji. Lahadi mai zuwa, in wani ya matso kunnenka da labarin wani, ka ce masa, "Tashi mu je wurinsa tare." In ya tashi, ka zo ka ƙaryata ni, zan saya maka kunun zaƙi a bakin ƙofar majami'a.