Alƙalan Dariya

Littafin tarihi in ya yi ƙarya, sai masana sun zauna kafin a kama shi. Na soyayya ko ya yi lami, ba a rasa wadda za ta share hawaye ta ce ya yi ma'ana. Littafin barkwanci ne ba shi da maɓoya: ko a yi dariya ko a ƙi, kuma nan take ake yanke hukunci. Tun 1934 da aka buga Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, bayan gasar rubutun da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933, makaranta Hausa ke zaman shari'a a kan ko abin da dariya ko babu. Har yau kotun ba ta tashi ba, kuma in ka kalli alƙalan da kyau za ka gane dalili.

Wanda ya fi kowa cika wuri shi ne mai dariyar gaba. Shi tun daga bango yake farawa. Ka ambaci Malam Zurƙe na cikin Ruwan Bagaja kawai, ya riƙe ciki. In tsautsayi ya sa ka ce ya ba ka labarin, ka shiga uku. "Wai fa shi Zurƙe… wayyo Allah… ya zo ya tarar da Alhaji Imam… tsaya, tsaya," sai hawaye, sai tari, sai ya daki cinyarka maimakon tasa. Rabin sa'a ta wuce, ba ka san abin da Zurƙe ya tarar ba. Ra'ayinsa a kan kowane littafi ɗaya ne: "Wallahi zai kashe ka da dariya." Shaidarsa ba ta da amfani a kotu, domin takardar kuɗin wuta ma in ka karanta masa da muryar da ta dace, zai tuntsire.

Abokin gabarsa na zaune a ƙarshen benci, fuska a murtuke. Ya karance Magana Jari Ce na Imam, littafi uku cif, daga shigowar aku har ƙarshe, ko gefen bakinsa bai motsa ba. Ka tambaye shi, ya ce, "Ni ban ga abin dariya ba." Mako ya zagayo sai ga shi a ƙofar gidanka: "Malam, ko na biyun nan yana kusa? Akwai wurin da nake son in sake dubawa." Wato zai koma ya tabbatar da cewa babu dariyar. Na daɗe ina zarginsa da yin tasa cikin dare, bayan ya sa sakata. Yana da 'yar'uwa a cikin gida, uwargida mai kawaici, wadda kishiya da yara duk sun ji ƙyaƙyatarta ta bayan labule, amma da ta fito sai ta jefar da littafin a kan tabarma ta ce, "Shirme ne kawai, ɓata lokaci." Shafin da ta naɗe kusurwarsa ne ke tona mata asiri.

Sai mai neman darasi, wanda ya fi su duka ba ni tausayi, don ba shi ya yi kansa ba, makaranta ce ta yi shi. Littattafan Imam sun daɗe a manhaja, kuma duk barkwancin da ya shiga manhaja ya ga ta kansa. Yaro ya zauna gaban takardar jarrabawa, an ce ya kawo darussa biyar da ke cikin rigimar Alhaji Imam da Malam Zurƙe. Mutum biyu ne da suka yi ta haƙa wa juna rami gari bayan gari, wannan ya sa a jibgi wancan, wancan ya rama, amma yaron nan dole ya rubuta haƙuri, juriya, illar ƙarya, da sauran biyu da zai ƙago kafin a ce a ajiye biro. Ya girma da wannan ciwo. Yanzu in ka ba shi labari kowa ya dara, shi sai ya gyara zama ya ce, "To, mene ne fa'idar?" In ka ce babu, raha ce kawai, sai ya dube ka da tausayi, ya yi maka addu'ar shiriya. In kuwa ka laƙa wa labarin wata nasiha a gindi, ko da ba ta dace ba, nan take zai ce marubucin ya iya.

Shi kuma mai tono asali ba ya dariya sai ya ga takardar haihuwar barkwancin. Ka ɗauko labarin Kalala da Kalalatu na cikin Magana Jari Ce: matar ta lamushe kajin da aka soya wa baƙo, ta raɗa wa baƙon cewa wuƙar da maigida ke wasawa don shi ce, baƙo ya ari ta kare, maigida ya bi shi da wuƙa a hannu yana roƙon ya bar masa ko guda ɗaya. Shi kaza yake nufi, baƙo kuwa wani abu dabam ya fahimta, ya ƙara mai. Ana tsakiyar dariya sai mai tono ya ɗaga yatsa: "Kun san fa na Jamusawa ne? Yana cikin tatsuniyoyin 'yan'uwan nan Grimm. Can kuku ce ta cinye kajin, kuma kunnuwa aka ce za a yanke." Gaskiya ya faɗa. Zai ƙara da cewa akun ma daga labaran Indiya ya taso, wasu labaran daga Dare Dubu da Ɗaya, rigimar Zurƙe kuwa da ƙamshin Maƙamatul Hariri. Wannan ma ba a musa masa ba. Abin da bai taɓa iya bayyanawa ba shi ne me ya sa in shi ya ba da na Jamusawan, da duk hujjojinsa, ba wanda ke ko murmushi. Aro kowa na yi. Imam ya ɗauko ƙashi ne, tsoka da miya nasa ne: yadda mace ke ɗanɗana gishiri har ta ga gindin tukunya, yadda maigida ke fankama gaban baƙo, yadda magana ke faɗuwa daidai inda kunnen Bahaushe ke jiranta.

Kusa da shi akwai mai fashin baƙi. Shi ya yarda da dariya, sai dai yana tsoron kada ta wuce ka. "Ka gane ko? Ai shi kaza yake nufi, shi kuma baƙon ya zaci…" Na gane, Malam. "A'a, tsaya in warware maka." Kafin ya gama, labarin ya mutu, an yi masa wanka, an kai shi.

Dattijon da ke cewa na da sun fi ba ya buƙatar karanta sabon littafi kafin ya kushe shi. Ya juya bango, ya ga shekarar bugu, shi ke nan. "Yaro, bayan su Imam da su Shu'aibu Maƙarfi ai an rufe ƙofa." Ka karanta masa wani wuri daga tsohon littafi ba tare da ka faɗi suna ba, ya ce, "Ka ji irin shirmen 'yan zamani." Ka nuna masa bangon, ya ce tabarau ɗinsa na gida. Abin da yake tunawa da daɗi ba shafin ba ne. Dare yake tunawa, da fitilar ƙwai, da yayansa da ke karantawa da ƙarfi yana sauya murya, yara goma sun kewaye shi. A nan kam yana da 'yar gaskiya. Barkwancinmu ɗan baka ne, ya saba da taro, da 'yan kama, da dandali. In aka kulle shi a takarda aka miƙa wa mutum ɗaya a ɗaki, rabin ƙarfinsa ya tafi, sai gwanin marubuci ne ke iya sa ka ji muryar a cikin kanka.

Mai kaza a aljihu, wanda ba ya jimirin as, shi ne ya fi wuyar sha'ani. Yana ta dariya lafiya lau har shafin da aka ambaci garinsu ko sana'arsu. Nan fa littafi ya zama cin mutunci. Alhali shi ne jiya a kasuwa ya tsare Bazazzagi da tsokana don shi Bakano ne, kamar yadda Bafillace ke yi wa Babarbare, Bagobiri ke yi wa Bayarabe, jika ke yi wa kaka, taubasai kuma ke bin juna kuɗin shara a watan cika-ciki. Sai dai wasan baka yana da ƙa'ida: in ka faɗa, za a rama a take, a tashi babu ci. Littafi kuwa ya faɗi tasa ya yi shiru, ba ka da inda za ka rama. Don haka ba na ganin laifinsa gaba ɗaya. Laifinsa kawai shi ne shafin da aka taɓa garin maƙwabta, ya haddace shi.

Akwai wanda bai karanta ba sam, amma ba a rufe zama bai yi magana ba: "Duk wannan ai bai kai Ibro ba." Rabilu Musa, wato Ibron, ya rasu a Disamban 2014, Allah ya jiƙansa, har yau da shi ake auna littattafan da ba a buɗe ba. Ƙanin wannan alƙali na WhatsApp ne: fuska a ɗaure, yana layin mai, ya aiko maka da fuskokin dariya goma masu hawaye a kan labarin da ko layin farko bai duba ba.

Mai dariyar jinkiri kuwa mutumin kirki ne, ƙaddara ce ba ta ƙaunarsa. Ya karanta ranar Asabar, ya ce ba laifi. Barkwancin ya yi ta tafiya a ƙasa, a hankali, sai ranar Talata ya iso, a zaman makoki, ana tsakiyar shafa fatiha. Ya danne, ya cusa bakin rawani a baki, kafaɗu na rawa. Mutane suka ce, "Allah sarki, ashe sun shaƙu da mamacin."

Duk waɗannan ana iya zama da su. Wanda ake gudu shi ne marubucin kansa, in ya kama ka da sabon rubutunsa. Ba zai bar maka ka tafi da shi gida ba. Zai ja kujera ya zauna gabanka, ya kafa wa bakinka ido. Ka juya shafi, ya ce, "Ina ka kai?" Ka faɗa masa. Ya ce, "Af, ka wuce wurin akuyar ke nan?" Ka ce ka wuce. Ya yi shiru, ya ce, "Koma baya, Yaya, ina jin ba ka karanta da kyau ba." Ka koma. Ƙaiƙayi ya kama ka a hanci, ka yamutsa fuska, sai ya daka tsalle ya ce, "Na faɗa maka! To tsaya ka ga babi na tara."