Ku Zo Ku Ƙirga Yatsun Ɗan Kuturu

Tun ranar da na shaida muku na bar shan taba sigari, na lura wasunku barci ya ƙaurace musu. Wani ya tare ni a bakin masallaci bayan an idar da Juma'a, ya rungume ni kamar wanda ya sauka daga jirgin Makka, alhali shekaranjiya muka rabu. Sai da ya daɗe bai sake ni ba na gane ba kewa ba ce, rigata yake shinshinawa. To Malam, me ka jiyo? Zufa ce da ɗan turaren da uwargida ta fesa mini. Allah Ya ba da ladan zumunci.

Wani kuma ya aiko mini da karin magana, wai ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa. Na karɓa hannu bibbiyu. Shekara 3 da wata 4 na yi, saura 36 da 'yan kai. Sai dai in tuna maka, Yallaɓai, da yadda kake tarin nan da asuba har zakaran maƙwabta ya yi shiru ya bar maka fili, anya kai ne za ka zo ƙirga yatsun a shekara ta arba'in?

Ban ga laifinku ba. Shekara 19 kuna ganina da kara a baki. Na yi lissafi wata rana: kara 15 a kullum, shekara 19, ya haura kara 100,000. Kuɗin kuwa ban lissafa ba, don likita ya ce in guji abin da zai tayar mini da hawan jini. Kuma kun ji ni na yi rantsuwa ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Akwai wadda na yi da safe, na karya ta kafin la'asar. Saboda haka in kun ce da ni abin da kare ya ce da aka gaya masa ana biki a gidansu, kuna da gaskiya. Ku gani a ƙas.

Amma bari in fara da ku masu kaka. Ban taɓa haɗuwa da mashayin da ba shi da wani kaka da ya sha taba har ya shekara casa'in yana noma da kansa ba. Kowa da nasa. Abin mamaki, babu wanda yake ba da labarin abokan kakan nan, waɗanda suka fara busa tare da shi, aka kai su makwanci tun yana da furfura uku. To ni ma ina da tsohona, Bature ne, sunansa Richard Doll, likita a Ingila. A 1950 shi da abokin aikinsa Bradford Hill suka fitar da binciken da ya nuna alaƙar sigari da kansar huhu. Shi kansa mashayi ne, da ya ga abin da alƙalumansa suka nuna sai ya ajiye. A 1951 suka fara bibiyar likitocin ƙasar maza sama da 34,000, aka yi shekara 50 ana bin su. Abin da aka samu: wanda ya ci gaba da sha har ƙarshe yakan yi asarar kusan shekara 10 na rayuwarsa, wanda ya bari yana ɗan 40 yakan ceto kusan 9, ɗan 50 kusan 6, har ɗan 60 ma yakan tsira da kusan 3. Doll ya rasu a 2005 yana da shekara 92. Ku kawo naku kakan, ga nawa.

Na san abin da zai biyo baya: ai kowa da ajalinsa. Haka ne, babu mai ja. Amma wanda yake faɗar wannan, na gan shi yana duba dama da hagu sau uku kafin ya tsallaka titi, kuma ba ya kwana da janareta a cikin ɗaki. Iskar nan mai guba da ke cikin hayaƙin janareta, wadda ke kashe mutane suna barci, tana cikin abin da kake zuƙa. Ita kuwa in ka bari, cikin kamar sa'a 12 jininka ya koma daidai.

Yanzu ga abin da na zo faɗa, kuma a nan ne za ku fi jin haushina. Ba jarumta na yi ba. Da jarumta ce da tuni na bari, don babu irin cika bakin da ban yi ba. Abin da ya canza shi ne na daina kallon taba a matsayin abokiyar kokawa, na fara kallonta a matsayin mai bin bashi wanda ya san lokutan da nake gida. Tana zuwa bayan shayin safe. Tana zuwa bayan na ci tuwo na ƙoshi. Tana zuwa in na zauna a kan bencin mai shayin bakin layinmu, gefen hagu, inda ake jingina da bango. Tana zuwa in aka ɓata mini rai a wurin aiki. Ba ta taɓa zuwa ina wanka ba. Da na gane haka, sai na daina zama gida a lokutan da take zuwa. Na bar bencin nan wata uku cur. Mai shayi har aike ya yi a tambayo ko lafiya. Bayan tuwo, maimakon in fita ƙofar gida, sai in ɗauki aswaki in yi ta tauna kamar akuya ta samu ɓawon rake. Aljihuna ya cika da citta da kanumfari. Sha'awar kan zo da ƙarfi kamar za ta tsaga ƙirji, amma in ka duba agogo, 'yan mintoci ne ta wuce. Wannan ne ba wanda ya taɓa gaya mini cikin shekara 19.

Kwana ukun farko kam, kada Allah Ya maimaita. Na yi faɗa da ƙofa. Na yi faɗa da rediyo. Uwargida ta tattara yara ta ce, “Ku bar Babanku, ba shi ba ne, aljanin taba ne ke fita.” Sati biyu zuwa uku abin ya fara lafawa. Wanda nasa ya fi ƙarfinsa, akwai cingam da abin mannawa a fata masu ɗauke da nikotin, ya je ya ga likita, ba abin kunya ba ne.

Ku masu cewa ba za ku iya sa'a biyu babu ita ba, ina kuke ajiye wannan maganar in watan azumi ya kama? Daga alfijir zuwa faɗuwar rana, sa'a 13 ko 14 cikin zafin nan namu, ba ka taɓa ashana ba. Ana kiran magariba ka jefa dabino uku, ka kurɓi ruwa, ka zagaya bayan masallaci da sauri kamar wanda gudawa ta kama. Na san wurin, ni na share shi. Mutumin da ya iya wannan kwana 30 a jere ba ƙarfin hali ya rasa ba. Ni ma a daren 21 ga azumi na ajiye.

Sai masu wayo, masu cewa a rage a hankali, kara ɗaya ai ba komai. Ku zauna in ba ku labari. Akwai lokacin da na yi wata 8 ban sha ba, har na fara yi wa mutane wa'azi. Muka je ɗaurin aure, mota ta lalace a hanya, muna zaune a gindin wata bishiya, direba ya kunna, ya miƙo mini guntu ya ce, “Oga, ɗan taɓa ka ji.” Na ce zuƙa ɗaya. Kafin sati ya zagayo na koma sayen kwali. Nikotin cikin daƙiƙa goma zuwa ashirin take isa ƙwaƙwalwa, kuma ƙwaƙwalwar tsohon mashayi ba ta manta hanyar gida. Tun 2015 dokar Najeriya ta hana sayar da sigari kara-kara, ta hana sayar wa wanda bai kai 18 ba. Mai teburin unguwarmu da alama labarin bai iso masa ba. Har yau in na wuce yakan ɗaga kara ɗaya ya ce, “Alhaji, ko a ba da ta gaisuwa?” In ce masa a gai da gida.

Tumbin da kuke nunawa kuna dariya kuwa, na amsa laifina. Na ƙara kiba. Ashe shekara 19 ban san ɗanɗanon miyar kuka ba, sai yanzu hanci da harshe suka dawo daga gudun hijira. Na fi son tela ya ƙara mini yadi ɗaya a kan in koma hawa bene ina tsayawa a tsakiya kamar mai duba ginin. Kuma ƙaramar 'yata, wadda da in na ɗauke ta take kawar da fuska, yanzu a ƙirjina take barci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce taba na kashe sama da mutum miliyan 7 a shekara, kuma fiye da miliyan ɗaya daga cikinsu ba su taɓa kunna ta ba, hayaƙin wasu suka shaƙa. A ɗakina nake busawa da, 'yar tawa tana kwance.

Ban ce na tsira ba. Ko a watan jiya na yi mafarki ina sha, na farka ina salati ina shinshina yatsuna. Saboda haka ku ci gaba da sa mini ido, yana yi mini amfani. Kai kuma mai runguma, Juma'a mai zuwa ina nan a sahu na uku, gefen taga. Ka zo ka shinshina. Amma ka sani ni ma hancina ya warke, kuma abin da na jiyo a rigarka ran nan ba turare ba ne.