Ya Kawo? Ya Ɗauke!

A shekarar 2006 ƙasashen Afirka da Turai da Gabas ta Tsakiya suka taru a Janeba suka yanke cewa zuwa 17 ga Yunin 2015 kowa zai bar tsohon tsarin talabijin ya koma dijital. Najeriya, da yake ba ma son a riga mu, ta ce ita a 2012 za ta gama. Da 2012 ta zo aka ce 2015, da 2015 ta zo aka ce 2017. Aka ƙaddamar a Jos a watan Afrilun 2016, aka yi na Abuja ƙarshen shekarar, Ilori da Kaduna suka samu a 2017, Legas da Kano a 2021. Mu mutanen Ƙauran Namoda da Shinkafi da Zurmi duk mun bi wannan labari daki-daki, a rediyo. An yi mana alkawarin hoto tangaran, wanda har gashin gemun mai karanta labarai sai ka ƙirga. Kuma ba a yi ƙarya ba, don sau da yawa yakan daskare a allo, baki buɗe, ya ba ka isasshen lokacin ƙirgawa.

Tsohuwar talabijin tana da mutunci. In sigina ta yi rauni sai ta yi yayyafi, mutane su zama inuwa, amma kana jin magana, kana gane wa ya mari wa. Ta san da babu gara ba daɗi. Ita ta zamani ba ta taɓa jin wannan karin magana ba. Lambobi ake aiko mata, in kaɗan suka ɓace a hanya dikoda ya cike gurbin, in ɓatan ya wuce iyaka sai fuskar jaruma ta farfashe gida-gida, murya ta sarƙe, komai ya tsaya cak kamar jakin da ya hango rami. Ko dai duka, ko babu.

Mai eriya shi ya fi shan wahala. Hasumiyar da ke watso shiri tana Gusau, sigina kuwa ba ta iya kwana, miƙe take tafiya, duk nisan da ka ƙara sai ka ƙara tsawo. Shi ya sa gora ɗaya kan yi wa mutumin Ƙaura, na Zurmi ya ɗaura biyu, na Shinkafi ya haɗa uku da igiyar guga yana addu'ar kada iska ta taso. Daga nan sai aiki ya koma kan yaro. Kowane gida akwai shi, ɗan shekara goma sha biyu, mara nauyi, mara gardama. Kafin ya hau sai an yi shela, don rufin gida ba wurin da ake hawa a ɓoye ba ne: "Salamu alaikum maƙwabta, za a hau sama, a kimtsa!" Mata su ja mayafi, unguwa gaba ɗaya ta san gidan Alhaji babu hoto.

Sai a jera. Maigida yana kujera da rimot a hannu, uwargida a bakin ƙofar ɗaki, ƙanwa a tsakar gida, yaro a sama rungume da gora.

"Ya kawo?"

"Bai kawo ba! Juya wajen Gusau!"

"Baba, ina ne Gusau?"

"Wajen gidan mai ƙosai, sakarai! Yawwa! Yawwa, tsaya nan!"

Kafin "tsaya nan" ta bar bakin Alhaji, ta bi ta kan uwargida, ta ratsa ƙanwa ta hau sama, yaro ya riga ya wuce Gusau ya nufi Talatar Mafara. A sake sabon lale. Bayan an sha fama sai a gano wani abin mamaki: hoton ba ya zama sai yana riƙe da gorar. Yana saki ya ɗauke. To, me ya rage? "Ɗan daure, saura kaɗan a gama." Akwai yaran da suka haddace Daɗin Kowa tun daga farko, sun san muryar kowa, amma in suka haɗu da 'yan wasan a kasuwa ba za su gane ko ɗaya ba.

Wanda Allah Ya buɗa wa sai ya yar da gora ya sayi dish. A kira mai saiti, ya zo da sifana da 'yar talabijin a jaka, ya hau katanga yana murɗa ƙarfe da ƙyar yana leƙen wani koren layi. In layin ya cika, ya ɗaure noti, ya yi gargaɗi da babbar murya kada kowa ya taɓa, ya karɓi kuɗinsa. Tauraron ɗan'adam ɗin da ya saito yana can sama, nisan kilomita kusan 36,000. Sigina ta keto wannan tafiya duka ba ta gaji ba, sai ta iso saman gulbin Gagare ta tarar da hadari, nan take ta sare. Ɗigon ruwa yana shanye irin wannan sigina, shi ya sa damina ke zama lokacin hutun dish. Amfaninsa ɗaya a lokacin: ya fi kowa sanin yanayi. Da hoto ya fara ƙyafta ido, uwargida ba ta leƙa waje, sai dai ta ce, "Ke, kwashe shanya, ki shigo da itace." Kafin a rufe baki ruwa ya sauko.

Amma kada ka ɗauka don kallo kaɗai ake kafa shi. Dish shaida ce. Ka ga gida da uku a kan katanga, ɗaya na tashoshin Larabawa don karatun Harami, ɗaya na ƙwallo, ɗaya na Arewa24. In ka bincika, na ƙwallo kuɗinsa ya ƙare tun azumin bara, na Larabawa akuya ta tauna wayarsa. Ba za a sauke su ba. Masu zuwa neman aure suna ƙirgawa daga waje. Sai wanda iska ta kayar da kanta, shi ne ke samun aikin yi na gaskiya, a kwantar da shi a tsakar gida ana shanya kuɓewa.

Rashin hoto kuma ya tona mana wani asiri: ashe ƙasar nan cike take da injiniyoyi. Babu namijin da zai shigo falo ya ga allo ya yi shuɗi ya ce bai sani ba. Wannan ya mari dikoda. Wancan ya zare kati ya goga a babbar riga ya hura masa iska. Wani ya cire batirin rimot ya ɗan cije shi ya mayar. Akwai mai cewa a ɗaura tsohon faifan bidiyo a jikin eriya, akwai mai rantsuwa da murfin tukunya. Mafi haɗari shi ne kawu mai tabarau, wanda ya taɓa zama Kaduna. Zai miƙa hannu cikin natsuwa, "Ba ni nan." Ya danna, ya shiga, ya ƙara shiga, har ya kai inda mai saiti kansa bai taɓa zuwa ba. Can sai tashoshi su goge gaba ɗaya, rubutun ya koma Sinanci. Sai ya ajiye rimot a hankali ya dubi agogo: "Af, ashe la'asar ta yi." Ba za a sake ganinsa ba sai bikin suna.

In dabara ta ƙare sai a koma zargi. Maƙwabci ya kafa babban dish, shi ke janye mana sigina. Ka yi bayani har ka gaji cewa tauraro feshi yake yi a kan kowa, faifan wani ba ya rage rabon wani, Alhaji zai kaɗa kai ya ce, "To mi ya sa tun da ya kafa nashi namu ya lalace?" An yi gaba ta wata da watanni a kan wannan.

Gaskiyar magana, kallo a gida yana da sharuɗɗa uku: wuta, sigina, da kuɗin wata. Waɗannan ukun ba sa ga-maciji. Ranar da aka kawo wuta, hadari ya haɗu. Ranar da gari ya yi wasai, wuta ta tafi. Ranar da su biyun suka shirya, sai saƙo ya fito a allo cikin ladabi cewa kuɗinka ya ƙare jiya. Janareta kuwa, tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, ya koma kayan ado, ana tayar da shi ne in surukai sun zo. Sai dai sola ta ɗan share mana hawaye, ita ma hadarin da ke kashe dish shi ke hana ta cika batir.

Saboda haka jama'a suka nemi mafita, kuma ta farko ita ce zumunci. Duk gidan da aka ji hotonsu ya zauna, nan take a tuna akwai tsohuwa a gidan da aka daɗe ba a gaishe ta ba. "Mun zo duba jikin Inna." Innar nan lafiyarta ƙalau, jiya ma ita ta daka fura. Abin sha'awa, masu dubiya ba sa zuwa sai saura minti biyar a fara Labarina, kuma ba wanda ke kallon inda Inna take. Ita ce ma ake cewa ta ɗan matsa, kanta ya tare allo.

Maza kuma suna da gidan kallo: rumfar kwano, bencina, talabijin biyu ko uku, allo a ƙofa an rubuta wasannin yau da alli. A nan za ka ga mutumin da bai taɓa wuce Funtuwa ba yana dukan ƙirji yana cewa, "Mu Arsenal ba ma sayen tsofaffi." A nan ma ruwa ba ya ragawa. Ana shirin buga fanareti hoto ya daskare, ɗan wasa ƙafa a sama. Mai gida ya fita da sanda yana zungurar dish, 'yan kallo su rabu biyu, rabi na rantsuwa ta shiga, rabi na cewa gola ya kama. Kuɗin shiga kuwa ba a mayarwa, don kowa shaida ne cewa hadari ba na mai gidan kallo ba ne.

Sai waya, wadda ta zama talabijin ta gaskiya a wannan yanki. Mai data ya bi Izzar So a YouTube, yana kallo yana lissafi, rabin hankalinsa na kan labari, rabi na kan abin da ya rage masa. Mara data ya nufi shagon mai turi, inda ake cajin waya, ya miƙa memori: "Cika min, Indiya-Hausa fassarar Algaita, mai faɗa da yawa." Daga wannan waya fim zai yaɗu ta Xender har ƙarshen unguwa. Darajar masu turi ta fito fili a watan Satumban 2021, lokacin da aka katse layukan waya a faɗin Zamfara saboda matsalar 'yan bindiga, aka rufe kasuwannin mako, har da ta Shinkafi, aka hana sayar da fetur a jarka. Ba lokacin dariya ba ne, Allah kada Ya maimaita mana. Amma a cikin wannan ƙunci, wayar da ba ta kira ba ta amsawa, abin da ke cikin memori shi ya riƙa ɗebe wa gidaje kewa, kuma memori bai taɓa cewa hadari ya hana shi ba.

Wannan tarin hanyoyi ya sa yanzu ƙwallo ɗaya sau uku ake cin ta a unguwa. Daren 11 ga Fabrairun 2024, a wasan ƙarshe na kofin Afirka a Abijan, da Troost-Ekong ya ci wa Najeriya ƙwallo da ka, wani dattijo mai rediyo a ƙofar gida shi ya fara kabbara. Bayan ɗan lokaci gidan kallo ya ɗauki ihu. Sai da ƙura ta lafa sannan samari masu kallo a waya suka daka tsalle, ana ta dubansu. Da Haller, ɗan wasan abokan karawarmu, ya ci musu ta biyun da ta kashe mu, haka baƙin cikin ya bi layi, su masu waya suka fi kowa morewa, don sun ƙara kusan minti guda suna da rai a wasan. Hausawa sun ce gani ya kori ji. A daren nan ji ne ya riga gani isowa gida, da batir biyu, ba gora, ba kuɗin wata.

Abin da ya fi ba ni mamaki a duk wannan lamari shi ne inda fushinmu ke sauka. Mun zagi yaro, mun mari dikoda, mun ƙaurace wa maƙwabci, mun tsine wa akuya. Mutum ɗaya ne bai taɓa jin ko tari daga gare mu ba: wanda ke karɓar kuɗin kwana talatin cif, ko an ga hoto ko ba a gani ba. Shi muna biyansa a kan kari, har da godiya, don kada a ce gidanmu an yanke.

Don haka ga shawarata ga masu ruwa da tsaki. Na ɗaya, a yi wa yaron sama sarauta, ko Sarkin Gora ne, a riƙa ba shi tuwonsa a can da zafinsa. Na biyu, duk kawun da ya taɓa zama Kaduna a karɓi rimot daga hannunsa tun a zaure. Na uku, mu ma mu koma biyan kuɗin wata a irin tsarin da ake ba mu kallo: wannan watan ya kawo, wata mai zuwa ya ɗauke, wani watan rabi ya shiga ya daskare a hanya. In kamfani ya kira yana ƙorafi, a amsa masa cikin ladabi cewa hadari ne ya haɗu a aljihu, ya tura yaronsu sama ya juya kaɗan.